Yadda nake haɗa ma'aikatan nesa da kwamfutocin ofis ta VPN

Wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi ya kira ni ranar wata Asabar bayan La'asar. Babban ofishinsa yana nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, yana da sito a Funtua da shago a Daura. Akantarsa ta haihu, ta tafi wankan gida wurin iyayenta a Daura, ga ƙarshen wata ya ƙarato, albashi da lissafin masu bashi duk suna hannunta. Ya ce, "Injiniya, an riga an yi mata hanyar shigowa daga can, amma kwamfutar ofis ta koma tafiyar hawainiya. Zo ka duba mana."

Da na je, sai na tarar wanda ya yi aikin kafin ni ya buɗe ƙofa mai lamba 3389 a rautar ofis (na'urar da ke raba wa kwamfutocin ofis intanet), wato ƙofar da Remote Desktop na Windows, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, yake amfani da ita, ya miƙe ta kai tsaye zuwa kwamfutar da ke ɗauke da duk lissafin kamfani. Kalmar sirrin kuwa sunan kamfanin ne da shekara a gabansa. Na buɗe Event Viewer, na shiga sashen Security, na tace lamba 4625, lambar da Windows yake rubutawa duk sanda wani ya gwada shiga bai dace ba. Layuka suka cika allo. Na yi ta gangarawa ba su ƙare ba, wasu ƙarfe biyun dare, wasu gab da Asuba, daga ƙasashen da Alhaji bai taɓa sayar wa ko mudu ɗaya na taki ba. Na juya masa allon ya gani. Ya yi shiru, can ya ce, "To ni me na tsare musu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su ma san da kai ba. Na'urori ne aka saki suna bin intanet gida-gida suna murɗa hannun ƙofa, wadda ta buɗu su faɗa." Kafin mu tashi sallar Magariba na rufe wannan ƙofar, washegari muka fara aikin da zan bayyana a nan.

Yawancinmu mun san kalmar VPN ne lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kowa ya sauke wata manhaja ya danna, wayarsa ta nuna kamar yana Jamus ko Amurka. Waccan tana fitar da kai ne zuwa kwamfutar wasu mutane da ba ka sani ba. Wadda nake magana a kai ta ofis ce, kai ka mallake ta: tana ɗauko ma'aikacinka daga inda yake, ta biyo da shi ta wata rufaffiyar hanya da mai leƙe ba ya iya karanta abin da ke wucewa a ciki, ta sauke shi a zauren ofis. Manhajojin kyauta na wancan lokacin ba za su yi wannan aikin ba, kuma idan na tarar da su a na'urar aiki cire su nake yi.

Takarda da biro tukuna

Kafin na taɓa ko waya ɗaya, nakan zauna da mai wurin mu rubuta sunan duk wanda zai shigo daga nesa, da abin da zai shigo yi. A wurin Alhaji mutum uku ne. Akanta tana bukatar kwamfutar teburinta. Mai kula da siton Funtua yana bukatar shafin da ake rubuta shigar kaya da fitarsu, wanda yake kan sabar ofis, wato babbar kwamfutar da sauran suke ɗauko bayanai daga gare ta. Shi kuma Alhaji kyamarorin tsaro yake son gani a wayarsa idan ya yi tafiya. Babu wanda yake bukatar ofis gaba ɗaya. Wannan takardar ita ce nan gaba za ta zama dokokin katangar tsaro, mai tantance abin da zai wuce ta rauta da wanda za a tare, don haka kada ka yi mata garaje.

Sai ka duba lambobin da kwamfutocin ofis suke amfani da su a cikin gida. Idan sun fara da 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8, ka canza su tun yanzu. Dalili shi ne yawancin rautocin gida da ƙananan na'urorin MiFi da waɗannan lambobin suke zuwa. Idan lambar gidan ma'aikaci ta yi daidai da ta ofis, kwamfutarsa za ta ɗauka sabar ofis tana nan cikin ɗakinsa, ta yi ta nema ba ta fita ba. Ni nakan zaɓi lambar da ba kasafai ake cin karo da ita ba. A nan na sa ofis a 10.50.20.0/24, wato lambobin da suka fara da 10.50.20: saba ta zama 10.50.20.10, kwamfutar akanta 10.50.20.21, na'urar kyamarori 10.50.20.30. Kowacce na daskarar mata da lambarta a rauta don kada gobe ta tashi da wata. Masu shigowa ta VPN kuma na ware musu layinsu daban, 10.77.0.0/24.

Shin ana iya samun ofishinka daga waje?

Nan ne aiki ya fi tsaya wa mutanenmu, har su sayi kaya masu tsada su ajiye. Don ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis daga Daura, dole ofis ya kasance yana da adireshin intanet na fili, wanda duniya take iya isa gare shi. Adireshin tsohon tsari, IPv4, kimanin biliyan 4.3 ne kawai, sun yi wa duniya kaɗan. Saboda haka kamfanonin layin waya sukan tara jama'a da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da lamba ɗaya a ƙofar waje: kai kana iya fita ka sayo abu ka dawo, amma baƙon da ya zo da lambar gida kaɗai ba zai san ɗakinka ba.

Gane shi ba wuya. Shiga rauta ka ga adireshin da ta samu daga mai ba ku intanet. Sannan daga wata kwamfutar ofis ka shiga ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, ka tsira. Idan ta rauta ta fara da wani abu tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan CGNAT, domin wannan zangon lambobi tun 2012 aka ware shi musamman don haka. Idan ta fara da 10 ko 192.168, to ko dai CGNAT ne, ko kuma akwai wata na'urar kamfanin intanet a gaban taka, wadda sai an buɗe ƙofa a cikinta ita ma. Ofishin da yake amfani da rauta mai sim kusan kullum a bayan CGNAT yake. Haka ma Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023: tsarinsa na gida a bayan CGNAT yake.

Idan haka ta same ka, hanya uku ce. Ta farko, ka nemi kamfanin da ke ba ku intanet ya ba ku adireshin fili, galibi da ƙarin kuɗi. Ita na fi so idan ta samu, don babu wani a tsakani. Ta biyu, ka kama hayar ƙaramar saba a intanet mai adireshin fili, rautar ofis ta kira ta, ma'aikata su ma su kira ta, a haɗu a can. Tana aiki sosai, amma ka ƙara wa kanka na'urar da za ka riƙa kula da ita da biyan kuɗinta duk wata. Ta uku ita ce Tailscale, wani sabis na VPN wanda a kan WireGuard (tsarin VPN da zan bayyana a gaba) aka gina shi, ya kuma ƙware wajen ratsa CGNAT ba tare da an buɗe ƙofa ba. Ana shiga da asusun Google ko Microsoft. Ga ofishin da ba shi da mai kula da kwamfutoci na dindindin, sau da yawa ita nake ba da shawara, sai dai a sani kamfani biya yake yi, kuma da dala.

Alhaji yana da adireshin fili, amma yakan canza lokaci zuwa lokaci. Maganin wannan suna ne da yake bin adireshin duk inda ya koma. Rautocin MikroTik suna da shi kyauta a ƙarƙashin IP, sashen Cloud: ka kunna DDNS, ta ba ka wani dogon suna mai ƙarewa da sn.mynetname.net, shi za ka bai wa ma'aikata a madadin lamba.

Me ya sa WireGuard

Idan ka buɗe tsohuwar rauta za ka ga PPTP, wani tsohon tsarin VPN, kuma shi ya fi sauƙin kunnawa. Kada ka kusance shi. Tun 2012 masana suka nuna a fili yadda ake fasa hanyar tantance kalmar sirrinsa, har Apple ya cire shi daga wayoyinsa da kwamfutocinsa a 2016. OpenVPN, da James Yonan ya fara a 2001, yana da kyau kuma har yau ana amfani da shi, sai dai saitinsa yana da yawa.

WireGuard, da Jason Donenfeld ya rubuta, ya shiga zuciyar Linux a sigar 5.6 cikin Maris 2020. Rubutun umarninsa kimanin layi 4,000 ne, ɗan kaɗan idan aka kwatanta da na magabatansa, kuma abin da bai da yawa ya fi sauƙin bincikawa. Abu biyu suka sa ya dace da mu. Na farko, idan sabis ya ɗauke ya dawo, ko mutum ya tashi daga waifai ya koma datar waya, yana ci gaba da kansa ba sai an sake shiga ba. Duk wanda ya taɓa aiki a hanyar Malumfashi zuwa Funtua ya san darajar wannan. Na biyu, ba ya amsa sallamar wanda bai sani ba. Na'urorin nan masu murɗa hannun ƙofa idan suka zo, ko tari ba za su ji ba, sai su ɗauka babu kowa a gidan.

Ba ya amfani da suna da kalmar sirri. Kowace na'ura tana ƙera wa kanta abu biyu masu tafiya tare: makullin sirri da makullin fili, kowanne rubutu ne mai harafi 44. Ka ɗauke su kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Kwaɗon kana iya bai wa kowa, ka aika shi ta WhatsApp ma babu laifi. Ɗan makullin kuwa ba ya barin aljihunka. Ofis yana riƙe da kwaɗon kowane ma'aikaci, kowane ma'aikaci yana riƙe da kwaɗon ofis, da haka suke gane juna.

Saita rautar ofis

Ni da MikroTik na fi aiki, kamfanin ƙasar Latbiya, don ana samunsa a kasuwa kuma yana jure wahala. Sai rautar tana kan RouterOS 7, wato siga ta 7 ta manhajar da ke tafiyar da ita, za ka ga WireGuard a cikinta. Ka fara sabunta ta. A 2018 an gano wata ɓaraka a WinBox, manhajar da ake saita waɗannan rautocin da ita, wadda ta ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri daga rautocin da aka bar ƙofarsu ta 8291 a buɗe ga intanet. An toshe ta tuni, amma har yau ina tarar da rautocin da ba a taɓa sabunta su ba tun da aka ciro su daga kwali. Ka canza kalmar sirrin mai gudanarwa, ka tabbata ba a iya buɗe WinBox daga waje, ka adana kwafin saitin da ke kai kafin ka canza komai. Sannan ka danna Safe Mode. Idan ka yi kuskuren da ya kulle ka a waje, rauta za ta mayar da saitin yadda yake.

A tagar umarni ka rubuta:

```
/interface wireguard add name=wg-ofis listen-port=51820
/ip address add address=10.77.0.1/24 interface=wg-ofis
/ip firewall filter add chain=input protocol=udp dst-port=51820 action=accept comment="VPN"
```

Layin farko ya ƙirƙiri hanyar, rauta kuma ta ƙera makullanta da kanta. Ka buɗe wg-ofis a WinBox ka kwafe makullin fili ka ajiye. Layi na uku yana da tarko. Rauta daga sama zuwa ƙasa take karanta dokokin katanga, wadda ta fara dacewa ita take bi. Sabuwar doka a can ƙasa take sauka, a bayan wadda ke jefar da duk abin da bai fito daga cikin ofis ba. Sai ka kama ta da linzami ka ja ta sama da waccan, in ba haka ba za ka kwana kana neman laifin da babu shi.

Makullin kowane ma'aikaci

Na tafi Daura da kaina ranar Litinin, tafiyar kimanin kilomita 80. Aka yi mini iso, ƙanenta ya fito mini da kwamfutar zaure, ita kuma tana daga ciki muna magana ta waya. Na sauke WireGuard daga shafinsa na asali, wireguard.com. Kada ka karɓi kwafin da aka turo ta filashi. A manhajar Windows, kusa da Add Tunnel akwai ɗan kibiya, ka zaɓi Add empty tunnel. Nan take za ta ƙera makullan biyu, ta nuna na fili a sama, ta rubuta na sirri a ƙarƙashin kan da ke cewa Interface. A ƙasan makullin sirrin ka ƙara:

```
Address = 10.77.0.2/32
```

Sai ka buɗe sabon kai mai suna Peer, da irin bakan da aka kewaye Interface da su, ka rubuta a ƙarƙashinsa:

```
PublicKey = makullin fili na rautar ofis
AllowedIPs = 10.50.20.21/32
Endpoint = sunan ofis na mynetname:51820
PersistentKeepalive = 25
```

Layin AllowedIPs ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ke faɗa wa kwamfuta abin da za ta tura ta hanyar ofis. Na sa lambar kwamfutar teburinta kaɗai, saboda haka idan ta buɗe YouTube ko imel, ta layinta za su bi, ba za su ci datar ofis ba. Idan ka rubuta 0.0.0.0/0, duk abin da take yi a intanet sai ya zagayo ta Katsina. Wannan yana da amfani ga wanda yake yawan hawa waifai na otal ko filin jirgi, amma zai danne layin ofis idan ƙarami ne. Layin ƙarshe kuma yana sa kwamfuta ta ɗan yi motsi duk daƙiƙa 25, don kada kamfanin layi ya ɗauka an gama hira ya rufe hanyar dawowa.

Daga nan sai a kai makullinta na fili rautar ofis:

```
/interface wireguard peers add interface=wg-ofis public-key="makullinta na fili" allowed-address=10.77.0.2/32 comment="akanta-laftof"
```

Mai sito ya samu 10.77.0.3, wayar Alhaji 10.77.0.4. Kowace na'ura da makullinta da lambarta. Mutum ɗaya mai waya da kwamfuta makulli biyu zai riƙe. Na san ya fi sauƙi ka haɗa fayil ɗaya ka tura wa kowa a zauren WhatsApp na ma'aikata, kuma na ga inda aka yi haka. Na'urori biyu masu makulli ɗaya ture juna suke yi, wannan ya shiga wancan ya faɗo. Mafi muni, ranar da wayar mutum ɗaya ta ɓace, ba ka da yadda za ka cire shi sai ka canza wa kowa.

Iyakar inda kowane makulli yake kaiwa

Abin da aka rubuta a kwamfutar ma'aikaci, ma'aikaci yana iya gogewa ya rubuta wani. Don haka ainihin shamakin a rauta ake sa shi. Yadda MikroTik yake fitowa daga kwali, wanda ya shigo ta VPN yana iya isa ga kowace na'ura a ofis. Ɗauko takardar nan ta farko ka mayar da ita dokoki:

```
/ip firewall filter add chain=forward src-address=10.77.0.2 dst-address=10.50.20.21 protocol=tcp dst-port=3389 action=accept
/ip firewall filter add chain=forward src-address=10.77.0.3 dst-address=10.50.20.10 protocol=tcp dst-port=443 action=accept
/ip firewall filter add chain=forward src-address=10.77.0.4 dst-address=10.50.20.30 action=accept
/ip firewall filter add chain=forward in-interface=wg-ofis action=drop
```

Uku na farko izini ne, na huɗu ya rufe saura. Da Alhaji ya ji mai sito ba zai iya ganin lissafin kuɗi ba, sai ya ce, "Ai yaron nan amintacce ne, shekara nawa muna tare." Na ce, "Allah ya ƙara girma, ba shi nake zargi ba. Kwamfutarsa nake tsoro. Idan ya danna wani saƙon banza cuta ta shige ta, iyakar inda makullinsa ya kai nan cutar za ta kai." Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi samu a yau kwamfutar mutumin kirki ce.

Ka lura ban bar akanta ta buɗe fayil ɗin lissafi kai tsaye daga Daura ba. Manhajojin lissafi da yawa fayil ɗaya suke ta karantawa da rubutawa, idan sabis ya yanke ana tsakiyar rubutu fayil ɗin yana iya lalacewa. Ta Remote Desktop, aikin yana gudana ne a kwamfutar teburinta da ke haɗe da saba ta waya, hoton allo kawai yake zuwa Daura. Sabis ya yanke, ta dawo ta tarar da komai inda ta bari. Sai dai kwamfutar ofis ɗin ta kasance mai Windows Pro, don na Home ba ya karɓar Remote Desktop. Idan kuma har yanzu Windows 10 ne a kai, a sani Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Gwaji, da inda yakan maƙale

Daga waje ake gwaji. Idan kana cikin ofis, kashe waifai ka hau datar wayarka. Kuma kada kalmar Active da manhajar ke nunawa ta ruɗe ka, tana nuna ta ko da babu wanda ya amsa. Abin dubawa shi ne Latest handshake, wato lokacin da ɓangarorin biyu suka yi musabaha ta ƙarshe. Idan ana aiki, kusan duk minti biyu take sabuntuwa.

Idan babu musabaha sam, ko dai dokar ƙofa ta 51820 tana ƙasa ba a ja ta sama ba, ko an musanya makullai wajen kwafa, ko kuma ofis yana bayan CGNAT ba a lura ba. Idan akwai musabaha amma ba a isa kwamfutar ba, ka duba AllowedIPs, sannan ka duba katangar Windows ta kwamfutar ofis, wadda takan ƙi baƙon da lambarsa ba ta layin gida ba ce, musamman wajen raba fayil. Idan an haɗu amma allo yana daskarewa, ka ƙara layin MTU = 1280 a ƙarƙashin Interface. Girman ƙunshin da WireGuard ya saba aikawa 1420 ne, wasu layukan waya ba sa ɗaukarsa.

Akwai wadda ta wahalar da mu a Funtua. Kwamfutar mai sito ta hannu ce, ɗan batirin agogonta ya mutu, duk sanda ta mutu gaba ɗaya sai ta tashi da kwanan watan shekarun baya. WireGuard yana sa hatimin lokaci a kowace sallama, kuma ofis ba ya karɓar sallamar da lokacinta ya gaza na wadda ya karɓa a baya, don kada wani ya naɗi tsohuwar sallama ya maimaita. Da muka gyara agogo ta haɗu nan take, aka sayo batiri aka sa.

VPN ba ya haifar da sabis inda babu. A Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, babu saitin da zai fitar da wanda ya dogara da sim kaɗai. Haka ma wuta. Rauta, na'urar kamfanin intanet, saba da kwamfutar akanta duk na mayar da su kan inbata da sola, na hana kwamfutar yin barci, na kuma shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na saita ta ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Rautar na ciro ta daga cikin durowar da aka cusa ta na kafa ta a bango inda iska ke ratsawa, saboda zafin Afrilu na Katsina da ƙurar hunturu.

Bayan an gama

Tunda WireGuard ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ya buɗe kwamfutar ma'aikaci ya riga ya shigo zaure. Gidan jego kuma cike yake da ƙanne da 'yan barka, kowa yana son a ara masa ya kalli wani abu. Na kunna mata BitLocker don ko an sace kwamfutar kada a iya karanta abin da ke ciki, na sa allo ya kulle kansa bayan minti biyar, ta zaɓi doguwar kalmar sirri wadda ba ta amfani da ita a ko'ina, wata daban kuma a kwamfutar ofis. Na ce mata, "Hajiya, don Allah wannan kwamfutar ki ɗauke ta kamar makullin sef ɗin Alhaji." Ta ce ta gane.

Akwai doka ma a kai. A cikin sabar nan akwai sunayen manoma da lambobin wayarsu da bayanan bankinsu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan a wuyan wanda ya tara su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 aka ba shi ya sanar da hukuma.

Abin da na fi nanata wa masu ofis shi ne cire makulli. A 2021 masu kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tal, babu tantancewa ta biyu. Aka tsayar da bututun kwanaki, layin mai ya kafu a gidajen mai, kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Don haka na bar wa Alhaji ƙaramin littafi a durowarsa: sunan mutum, na'urarsa, lambarsa ta VPN, ranar da aka ba shi. Farkon kowane wata nakan buɗe jerin Peers na rauta in kwatanta da littafin, wanda ya daɗe bai yi musabaha ba in tambayi dalili.

Bayan wata biyu aka sace wayar Alhaji a wurin ɗaurin aure. Da wayar direbansa ya kira ni. Na shiga rauta da nawa makullin, na nemi layin 10.77.0.4 na goge shi, sauran ma'aikata ko ji ba su yi ba. Da ya sayi sabuwa na same shi a ofis, wayar ta ƙera sabbin makullanta, na ba shi 10.77.0.5, na ja layi a kan tsohuwar lambar a littafi na rubuta kwanan wata a gefe.